Sashe Na Hamsin Da Biyu Da Ya Tare Katafila

"Wannan ba shi ba ne," in ji Baba.

"Ba wa ba ne, Baba?"

"Ba tsarin mulkin ƙasar nan ba ne, ɗana."

Ina durƙushe a gabansa a ƙuryar shago, inda yake sana'arsa ta ɗinke tsofaffin littattafai da yi musu bango. Ya ɗora littafina a cinya, ya zame tabarau zuwa kan hanci, yana shafa gindin wani shafi da babban yatsa kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa. A gaban shago kuwa, keken ɗinkin 'yarsa da ke ta gudu tun safe ya tsaya cak. Wato ita ma ta ji.

Na yi dariya, irin wadda mutum ke yi idan santsi ya kwashe shi a gaban surukai. "Baba, wasa kake yi."

"Da gam a hannuna ba na wasa."

Jama'a, bari in koma baya, kada ku ce na kamo muku labari ta wutsiya.

Shekara biyu ke nan da na tsinci littafin nan a wurin mai sayar da tsofaffin takardu da awo, a bakin tasha, tsakanin wani littafin koyon kiwon zomo da tarin takardun jarrabawar da aka riga aka faɗi. Ba bango, ba shafukan farko, daga Babi na Biyu ya fara. Na buɗe tsakiya, idona ya sauka a kan layin da ya ce kowane ɗan ƙasa daidai yake da kowane ɗan ƙasa. Wallahi sai da ƙwalla ta cika min ido a tsaye a wurin. Ni mutum ne mai rauni a gaban rubutu. Na karanta littattafan soyayya har abinci ya fita kaina, na karanta tarihin juyin juya halin ƙasashen da ban san inda suke a taswira ba, amma ban taɓa cin karo da wasiƙar soyayya irin wannan ba, wadda ƙasa ta rubuta wa talakanta. Mai takardu ya ɗora shi a sikeli, ya ce rabin kilo ne. Na biya kuɗin rabin kilo, na tafi gida da 'yancina a hammata.

A layin mai na fara gwada shi. Tun hantsi muke tura babura taku ɗaya ɗaya, rana ta dafa mu ta juya mu ta sake dafawa, sai ga motoci shida na wani babba, Allah ya ƙara masa girma da tumbi, sun shigo ta ƙofar fita. Jinina ya tafasa. Na haye kan jarkar wani bawan Allah, na ɗaga littafi sama, na rero sashe na goma sha tara da ka. Motocin dai sun sha mansu sun ƙoshi sun tafi, kuma da layi ya zo kanmu aka ce mai ya ƙare. Amma an tafa min. Wani dattijo har ya rungume ni. Tun daga ranar sunana ya ɓace, na koma Malam Sashe.

Akuya ta ci shanyar maƙwabci, a zo wurin Malam Sashe. Mai gida ya cire ƙofar ɗan haya, me kundi ya ce? Ni kuwa sai in lumshe ido, in kawo sashe da ƙaramin sashe, mutane su tashi suna jinjina kai. Littafin yana naɗe a leda biyu, ba na barin kowa ya taɓa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba yadda aka yi ƙasa mai irin wannan kundi take tafiya a rarrafe. Na ɗauka laifin manya ne da ba sa karatu. Sau nawa na zage su a wannan shafi nawa na jarida a kan haka? Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ita kuwa mai keken ɗinkin, bari in kira ta Mai Almakashi, domin yadda take yanka yadi haka take yanka magana, ba ta barin zare. Na rubuta mata baiti ɗari biyu da goma sha ɗaya. Na ce mata idanunta tafki ne, ta ce to in yi hankali, ba ta ga alamar na iya iyo ba. Shagon nan guda shi ne komai nasu: ita a gaba da keke, mahaifinta a baya da allura da gam, daga nan ake ci, daga nan ake sayen maganin idon Baba.

Ranar Juma'ar da ta wuce ma'aikatan Hukumar Gyara Fuskar Gari suka zo da bokitin jan fenti, suka shafa wa shaguna tara na layin, har da nasu. Kwana bakwai, katafila za ta zo. Wai za a gina dandalin shaƙatawa mai maɓuɓɓugar ruwa. A unguwar da famfo ya shekara uku bai yi tari ba! Ni dai na yaba da hangen nesan. In mutum ba shi da abinci, ai ya kamata a ce yana da wurin zama mai kyau da zai ji yunwar.

Mai aski, wanda shi ne shugaban layin, ya same ni da askarsa a hannu.

"Malam Sashe, ranarka ta zo. Shekara biyu kana shan shayinmu kyauta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

Na dubi jan fentin da ke ƙofar Mai Almakashi, na dube ta. Na dafa ƙirji na ce sai dai katafila ta bi ta kaina.

Ranar Litinin muka je ofishin Mai Girma shugaban hukumar, Rumfar Marasa Rumfa, Inuwar Da Ba Ta Gushewa, kamar yadda allunan da ya kafa wa kansa suka shaida. Awa huɗu muka yi a benci. A tsakiyar ɗakin jira akwai wani akwatin gilashi, a cikinsa ga kundin tsarin mulki mai bangon fata da ruwan zinare, ko ledarsa ba a ɓare ba. Na tambayi sakatare ko zan iya dubawa, don in ga ɗan'uwan nawa mai gata. Ya ce mabuɗin yana hannun wani masinja da ya yi ritaya shekara shida da suka wuce, kuma an kafa kwamitin nemo shi.

Da aka shigar da mu, sanyin na'ura ya daki gumin da ke jikina, na kwance leda, na karanta:

"Sashe na hamsin da biyu, ƙaramin sashe na uku. Ba za a rushe wurin da ɗan ƙasa ke neman abincinsa ba, sai an tanadar masa wani wurin da bai wuce tafiyar rabin awa daga na farko ba, an kuma danƙa masa mabuɗi a hannu."

Mai Girma ya daina juya kujera. Ya dubi lauyan hukuma, lauyan hukuma ya dubi silin. Na ga abin da ke gudana a fuskar Mai Girma ƙarara: in ya ce bai san sashen ba, ya tona kansa a gaban mai aski da mai faci. Sai ya saki murmushi, ya buga tebur.

"Hamsin da biyu! Allahu akbar. Saurayi, ka tuna min baya. Wannan sashen ai ni na yi tsayin daka aka saka shi. Kwana uku muna fafatawa. Ko ba haka ba, lauya?"

"Haka ne, ranka ya daɗe. Yana nan daram."

To wa zai gyara wa mai sa hannu a albashinsa karatu?

Mai Girma ya ce shi bawan doka ne. Mu dawo ranar Alhamis, za a kira 'yan jarida, zai sa hannu a takardar janye rusau a gaban kowa. Sharaɗi ɗaya: a yi wa littafin bango mai mutunci, domin da shi zai ɗauki hoto, tunda nasu yana kulle.

A kafaɗa aka so a ɗauko ni daga ofis ɗin. A hanya na riga na tsara yadda jikokina za su ba da labarin. Washegari, Talata, na kai wa Baba littafin, na ce a yi masa bango, a buga KUNDIN TSARIN MULKI da ruwan zinare, manya manya. Nan kuka same ni a durƙushe.

"Ka ga wannan 'yar alamar a gindin shafi?" in ji Baba. "Duk bayan shafi goma sha shida za ka gan ta. Mu muke sa ta a maɗaba'a, don mai ɗinki ya san wane tuli ke bin wane. Wannan tawa ce. Ni na jera haruffan littafin nan da hannuna, shekara talatin da ɗaya ke nan."

"To ai shi ke nan, Baba! Kai ma shaida ne!"

"Shaidar daftari. Wani kwamiti aka kafa, suka shekara biyu a otal suna cin alawus, suka rubuta wannan. Muka buga dubu hamsin. Kafin tawada ta bushe, waɗanda suka kafa kwamitin sun tafi ba sallama. Waɗanda suka zo suka kafa nasu kwamitin, a otal ɗin dai. Wannan ko kwana ɗaya bai yi yana aiki ba. Da awo aka sayar da shi. Rabin gyaɗar garin nan a cikinsa aka ƙunshe ta."

Shekara biyu ina yanke wa mutane hukunci da takardar ƙunshin gyaɗa. Sai kuma wani lissafi ya faɗo min: shekara talatin da ɗaya. Mai Girma, wanda ya yi kwana uku yana fafatawa, a lokacin bai wuce ɗan aji uku na firamare ba. Ka ji baiwa!

"Baba, yaushe ka gane?"

"Tun ran da ka karanta mana shi a ƙofar shago. Wannan sashen ba ya mantuwa. Ina jera shi ina cewa a raina, wannan ya yi kyau da yawa, ba zai rayu ba."

"Kuma ka yi shiru?"

"Wanda katafila ke ƙofarsa ba ya gyara wa lauyansa karatu. Yau ma da ba ka ce in buga suna ba, da ban tanka ba. Shekara arba'in ban taɓa buga ƙarya a bango ba. A ciki dai na buga da yawa, amma ba ni na rubuta ba."

Nan fa jinin littattafan da na sha ya motsa. Na miƙe tsaye, kaina ya bugi katakon da ake jera takardu, ban kula ba. Na ce ranar Alhamis zan tsaya a gaban 'yan jarida in faɗi gaskiya, in tona kaina in tona Mai Girma, tarihi ya yi mana alƙalanci. Na ce ni marubuci ne, gaskiya ce jarina. Har na fara jin daɗin yadda hawaye za su zubo min a daidai jimlar ƙarshe.

Labulen da ya raba shagon biyu ya ɗaga. Mai Almakashi ce, tef ɗin awo a wuya.

"Sashe, zauna kafin ka rushe mana shagon tun katafila ba ta zo ba."

Na zauna.

"Naka jarin a baki yake, duk inda ka je da shi kake tafiya. Nawa ga shi nan, ƙafa huɗu gare shi, kuma an shafa masa jan fenti." Ta ciro waya daga aljihu. "Na gaskiyar yana cikin nan. Tun ran Juma'a nake karanta shi, duk lokacin da aka ɗauke wuta."

"Kin karanta? Ke?"

"Da ido ake karantawa, ba da jarka ba."

Ashe labarin jarkar ma ya iso gare ta. Na tambaye ta me sashe na hamsin da biyu na gaskiya ya ce. Ta ce yana bayanin yadda ake rantsar da mataimakin magatakarda ne idan magatakarda ya yi tafiya. Batun dukiyar talaka kuwa yana can gaba. An ba ka haƙƙinka a layi ɗaya, sannan aka bi shi da "sai dai idan" har shafi biyu, kamar mai ba ka riga yana riƙe da hannunta.

"Amma akwai layi guda da suka manta ba su toshe ba," in ji ta. "Dole a saurare ka kafin a taɓa maka kaya. Ni da matar mai faci mun kai takarda kotu jiya, lokacin da ake neman ɗaga ka sama. An ba mu rana, wata huɗu nan gaba. Katafila kuma gata."

"To yanzu ya za a yi?"

"Na gaskiyar yana tafiya da ƙafa, naka yana kan babur. Naka zai riƙe mana ƙofa kafin nawa ya iso." Ta juya wurin mahaifinta. "Baba, a yi masa baƙin bango, kada a rubuta komai. Ba mu ce shi ne ba, ba mu ce ba shi ba ne."

Baba ya jawo kwanon gam.

Kwana biyun nan ban ji daɗin duniya ba. Na tuna matar da na ce wa kundi ya ba ta ƙofarta, da mai akuyar da na ci tara. Duk wanda ya gaishe ni da "Malam Sashe" sai in ji kamar ya watsa min ruwan zafi. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ranar Alhamis an kafa rumfuna, an yi hayar kujeru ɗari uku da makaɗa, an buga riguna masu hoton Mai Girma. Mai aski ya rantse abin da aka kashe a taron janye rusau ya isa a sake gina shagunan tara da bene. Na miƙa littafi da hannu biyu. Mai Girma ya juya shi gaba da baya.

"Ina sunan?"

Mai aski, wanda bai san komai ba, Allah ya saka masa, ya yi caraf: "Ranka ya daɗe, ai ba a rubuta wa rana suna."

Aka tafa. Aka ce in karanta sashen. Na ce, "Ga abin da ke rubuce a wannan littafi," na karanta, ban ƙara ko wasali ba. Da wannan 'yar dabara nake lallashin zuciyata har yau, ita kuma ba ta lallasu ba. Mai Girma ya yi jawabin minti arba'in a kan daren da suka kwana suna kare hamsin da biyu. Wani ɗan adawarsa da ke wurin ya tashi a fusace ya ce ƙarya ne, jam'iyyarsu ce ta kawo sashen. Saura kaɗan a ba hammata iska a kan wanda ya haifi ɗan da ba a haifa ba. Daga ƙarshe dai alƙalami ya sauka a takarda, hatimi ya biyo baya. Na hango Mai Almakashi ta karɓi takardar, ta karanta ta sau biyu, ta ninke ta soke a jaka.

Ban ankara ba Mai Girma ya dafa kafaɗata a gaban na'urorin ɗaukar hoto, ya ce ya naɗa ni mai ba shi shawara na musamman kan tsarin mulki, na arba'in da bakwai a jerin masu ba shi shawara. Da ofis, da kujera mai juyawa. Ba zan ɓoye muku ba, na ga kujerar nan a idona, na ga kaina ina juyi a kanta. Sai na ga tef ɗin awo a cikin taro, da idanun da ke samansa, tafkin nan da ban iya iyo a cikinsa ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi min afuwa. Ban karanta tsarin mulkin ƙasar nan ba tukuna."

Rumfa ta kece da dariya. Mai Girma har da share hawaye. "Kun ji tawali'u! Irin matasan da muke nema ke nan!" Ita ce gaskiya mafi girma da na taɓa faɗa a bainar jama'a, kuma ita kaɗai ce ba wanda ya yarda da ita.

Na san wani zai ce, to kai da ka rubuta wannan a jarida, ba ka tona asirin shagon ba? Ku kwantar da hankalinku. Na roƙi edita kada ya sa hoton kowa a shafin nan. Manyanmu, Allah ya ja zamaninsu, ba sa karanta shafin da ba hotonsu. Abin da kawai nake roƙo, duk wanda ya san inda masinjan nan mai ritaya yake, ya bar bawan Allah ya huta da mabuɗinsa, aƙalla wata huɗu.

Da la'asar na koma shago. Mai faci yana kankare jan fenti daga ƙofa. Baba ya kira ni ƙurya, ya miƙo min wani littafi mai kauri kamar bulo, gam ɗinsa bai gama bushewa ba. 'Yarsa ce ta kai wayarta aka buga shi a takarda, shi kuma ya ɗinke. A bangon, da ruwan zinare, manya manya, ga sunan nan da na roƙa ranar Talata.

"Wannan na buga masa suna," in ji shi. "Ba daɗi gare shi ba kamar naka, amma shi za a tambaye ku a kotu."

Na auna shi a hannu. Ya fi kilo biyu.

Baba ya ɗaga murya yadda za a ji har gaban shago. "Na yanke shawara. Ranar da ka kai shafin ƙarshe, ka turo manyanka."

Keken ɗinki ya tsaya.

"A gaya masa ban da tsallake," in ji Mai Almakashi daga bayan labule. "Ni zan yi masa jarrabawa."